Rawar da Ba a Takawa

A bakin Bahaushe, rawa aba ce da ake takawa. Mukan ce wane ya taka rawa, kamar dai yadda za mu ce ya taka ƙasa ko ya taka ƙaya. In kuwa kiɗa ya ratsa jiki sai mu ce an cashe, wato mun aro kalmar daga wurin masu bugun hatsi, waɗanda ba sa sassauta wa dami sai tsaba ta rabu da ƙaiƙayi. Wannan salon magana ya kafu har ya bar dandali ya shiga ofis da majalisa, inda za ka ji an ce ma'aikaci ya taka rawar gani alhali kuwa bai ko motsa daga kan kujerarsa ba. Ba a banza harshe ya zaɓi wannan aikatau ba. Duk wanda ya tashi a garin Bauchi, ya ga rawar Gerawa ko ta Jarawa ko ta Sayawa a wani taro, ko ya ga 'yan koroso da aka gayyato daga Kano, ya san cewa ƙura ita ce shaidar rawa. Akayau ɗin da ake ɗaura wa ƙafa ba ya kuka sai dunduniya ta daki ƙasa. Mai kalangu ma ƙafar mai rawa yake kallo, domin ita ce ganga ta biyu a fage.

To, akwai wata rawa a duniya wadda babban burinta shi ne ta mantar da mai kallo cewa akwai ƙasa. Turawa suna rubuta sunanta "ballet", suna furta shi "bale", kusa da "balle" ɗin nan tamu ta mai cewa ba shi da taro balle sisi. A cikin rawar akwai wata tsayuwa da mata suke yi a kan ƙarshen yatsun ƙafa, su yi tafiya a haka, su yi juyi a haka, wani lokaci ma a kan ƙafa ɗaya. Sunan tsayuwar "en pointe", kuma kunnen Bahaushe zai ji shi kamar "am fuwant". Wannan suna ne nake so in bi sawunsa.

Dalilin da ya sa na shiga neman asalin kalmar shi ne tambayar wata yarinya. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu ta tara yara a gida, wani hoton bidiyo ya zaga duniya: wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Anthony Madu yana rawar bale ba takalmi, a kan siminti, ana ruwan sama, a unguwar Ajangbadi ta Legas, inda wani malami mai suna Daniel Ajala yake koyar da yara rawar kyauta. 'Yar ƙanwata ta kalli hoton a wayar mahaifiyarta a gidanmu da ke cikin gari, kuma ka san halin waya, in ka kalli ɗaya sai ta kawo maka goma. Can sai ga wasu mata cikin fararen kaya, jere, kowace a tsaye kamar an kafa ta. Yarinyar ta kawo mini wayar ta ce, "Kawu, wannan tsayuwar me ake ce mata da Hausa?"

Na ce abin da yaron nan na Legas ya yi ai ɗage ne.

Ta ce, "Na yaron na sani, Kawu, ɗage ai kowa ya iya. Na matan nake tambaya. Dubi ƙafarsu."

Na ce ta ba ni kwana biyu.

Bambancin da ta hango yana nan. In mutum ya yi ɗage, dunduniyarsa ce take tashi, yatsunsa su lanƙwashe su kwanta a ƙasa, nauyinsa ya sauka a kan tudun nan da ke gindin yatsu. Shi ne abin da yaro yake yi a Ƙofar Fada ranar hawan salla don ya hango rawanin Sarki ta saman kafaɗun manya, shi ne kuma abin da ɗalibi yake yi a gaban allon sanarwa ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa. Masu bale sun san wannan, suna kiransa "demi-pointe", wato rabin abin ke nan. Cikakken kuwa, yatsun ba sa lanƙwashewa. Suna miƙewa ne su dubi ƙasa, bayan ƙafa ya zarce da ƙwauri kamar sanda guda, mace ta ɗora dukan nauyinta a kan wurin da faɗinsa bai wuce na kwalin ashana ba.

Kalmar ita kanta ba ta da wani girma a gidansu. "Pointe" Faransanci ce, ma'anarta tsini: tsinin allura, tsinin mashi, tsinin takobi, bakin alƙalami. "En" kuwa harafi ne mai nuna hali ko wuri. In aka haɗa su, an ce mutum yana kan tsini. Faransawa su da kansu sun fi cewa "sur les pointes", wato a bisa tsinaye, amma siga ta farko ita ce ta fi yawo a bakin masu Ingilishi, daga can kuma ta iso gare mu. In aka ƙara tonawa za a tarar da saiwarta a harshen Latin, a aikatau "pungere", wanda yake nufin soka ko huda. Abin da ya ba ni dariya sa'ad da na kai nan shi ne, ashe dangin kalmar sun daɗe da zama a Bauchi. Kalmar Ingilishi ta hujewar taya daga wannan saiwa ta fito, ita ce muka ara muka mai da ita "fanca". Ke nan mai facin da ke bakin titin Wunti, wanda yake tsoma tub cikin ruwa yana neman inda kumfa take fita, da matar da take tsaye a kan yatsa a birnin Paris, kakan kalmarsu ɗaya ne.

Me ya sa Faransanci? Rawar dai a fadojin Italiya ta fara, sunanta ma daga Italiyanci "balletto" yake, wato 'yar ƙaramar rawa. Ta bi gimbiya Catherine de Medici zuwa Faransa bayan aurenta a 1533. Amma wanda ya kafa mata doka da oda shi ne Sarki Louis na 14, wanda shi kansa ya yi rawa a bainar jama'a tun yana saurayi, ya kuma kafa makarantar rawa ta sarauta a Paris a 1661. A zamaninsa ne malamin rawa Pierre Beauchamp ya tsara tsayuwa biyar na ƙafa waɗanda har yau da su ake fara wa ɗalibi. Wanda ya rubuta ƙa'ida shi yake raɗa suna. Don haka yau a Rasha ko Japan ko Legas, da Faransanci malamin bale yake ba da umarni, kamar yadda ɗan ƙwallo a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yake cewa fenariti da kwana da gola ko da bai taɓa zama a aji ba.

Sai dai a zamanin Louis babu mai hawa tsini. Takalman masu rawa ma masu dunduniya ne, irin na fadawa. Sannu a hankali aka zubar da dunduniyar a ƙarni na 18, sa'an nan a 1796 wani mai tsara rawa, Charles Didelot, ya nuna wani wasa a Landan inda ya ɗaura wa 'yan rawa wayoyi, ana ɗaga su sama ana sauke su. Kafin waya ta ɗauke mace, takan ɗan tsaya a kan ƙarshen yatsunta, 'yan kallo suka ga abin ya yi musu kyau. Daga nan sai matan suka shiga neman yin haka ba tare da waya ba. Da farko abin nuna bajinta ne kawai, irin na 'yan tauri, a hau a sauko a karɓi tafi.

Wadda ta fitar da shi daga bajinta ta ba shi ma'ana ita ce Marie Taglioni, wadda aka haifa a 1804, uwarta 'yar Suwidin, ubanta Ba'italiye mai koyar da rawa. Uban nan ya horar da ita horo mai tsanani, sa'o'i shida a kullum. Ranar 12 ga Maris, 1832, a gidan Opera na Paris, ta fito a wasan da ya tsara mata mai suna La Sylphide. A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya tare da ni, domin labarin wasan ba baƙo ba ne ga wanda ya sha tatsuniya a ɗakin kakarsa. Wani saurayi ne manomi a ƙasar Sikotlan, ranar aurensa wata aljana ta bayyana gare shi, ya bar amaryarsa ya bi ta daji. Duk sa'ad da ya kai hannu zai kama ta sai ta kuɓuce. Wata tsohuwa mai sihiri ta ba shi gyale ta ce in ya yafa mata ba za ta ƙara tashi ba. Ya yafa mata, fukafukanta suka zube, ta mutu. Ya waiga, sai ga ayarin bikin amaryarsa da wani mutum daban.

"Sylphide" a tatsuniyar Turawa aljanar sararin sama ce, wadda aka yi jikinta da iska. Mu kuwa kalma ɗaya muke da ita ga abin da yake kaɗa ganye da abin da yake shiga jikin mutum: iska. Ke nan Taglioni ta hau tsini ne don ta nuna iska. An yi mata farin siket mara nauyi wanda ya tsaya a tsakiyar ƙwauri don a riƙa ganin ƙafar, aka kunna fitilun gas masu hasken farin wata, mai kallo ya ga halittar da ba ta jin nauyin kanta. To, mu ma muna da masu nuna iska a fage, wato 'yan bori, kuma ba yabon sana'arsu nake yi ba, misali kawai nake ɗauka. Da me ɗan bori yake tabbatar wa 'yan kallo cewa iska ta hau? Da jifa. Yakan yi tsalle ya faɗo zaune, ƙasa ta amsa, ya tashi ba abin da ya same shi. Bafaranshe ya ce alamar aljana ita ce ƙasa ba ta jin saukarta, Bahaushe ya ce alamarta ita ce ƙasa ta ji ta sosai amma ba ta iya yi mata komai ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma a ganina duk bambancin rawarmu da tasu yana ƙunshe a nan.

Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma inda wannan jifa yake faɗowa shi ne a kan babban yatsa. Takalmin Taglioni silifa ne kawai na yadi mai sheƙi, an yi masa ɗinkin ƙarfafawa a baki, saura duk ƙarfin agara ne da idon sawu, shi ya sa ba ta daɗewa a sama. Daga baya a ƙarni na 19 dukawan Italiya suka taurara bakin takalmin suka daɗe shi, har ya zama ana iya tsayawa a yi abin da a da ba ya yiwuwa. A 1893 wata Ba'italiya, Pierina Legnani, ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a birnin St. Petersburg na Rasha, 'yan kallo suna ƙirgawa.

Na taɓa kai hoton wannan takalmi wurin wani dattijo baduku a kasuwar Wunti, wanda tun ina yaro shi yake gyara mana takalma. Ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan takalmi ne ko kube?"

Na ce, "Baba, takalmi ne, na rawa."

Ya ce, "In ji wa? Abin da aka yi don a zura tsini a ciki ai kube ne. Katako suka sa a bakin?"

Na gaya masa babu katako, babu ƙarfe. Ƙyalle ne da takarda ake jerawa hawa-hawa ana shafa gam har su sandare su zama kamar ɗan akwati mai rungume yatsu, sa'an nan a sa wani tauri a tafin don ya tallafi ƙafa, a lulluɓe da yadi. Babu na dama babu na hagu, ƙafar mai shi ce take koya wa kowane inda zai zauna. Mai shi ce kuma take ɗinka masa igiyoyin ɗauri da hannunta, ta bubbuga shi a ƙasa ko ta matse shi a jikin ƙofa don ya yi laushi ya rage ƙara. Bayan duk wannan wahala, zufa da nauyi sukan kashe shi, har babbar 'yar rawa takan gama da ƙafa guda a wasan dare ɗaya. Dattijon ya miƙo mini hoton ya ce shi a sana'arsa, takalmin da ya mutu a dare ɗaya sunansa abin kunya. Bai san Faransanci ba, amma da ya ce kube ya fassara kalmar daidai da asalinta.

Abin da yake cikin kuben kuwa ba a nuna wa 'yan kallo. Ƙafar ɗan'adam ƙasusuwa 26 ne, an jera su don tafin ya shimfiɗu a ƙasa. Wadda ta ce za ta tsayar da su a tsaye, sai ta biya da bororo da kanta da farcen da yake baƙi ya fita. Shi ya sa malaman rawar ba sa barin yarinya ta hau tsini sai ta kai kamar shekara 11 ko 12, bayan ta yi shekaru tana ƙarfafa ƙafa, don kada ƙashin da bai ƙosa ba ya lalace. Fuska tana murmushi, yatsa yana jini. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin na ga sharo, na ga saurayin Bafillace yana riƙe da madubi yana duban fuskarsa ana zuba masa bulala.

Launin takalmin ma yana da nasa labari. An saba yin sa ruwan hoda, don ya saje da fatar Baturiya, ƙafa da takalmi su zama abu guda a idon mai kallo. Baƙaƙen mata da suka shiga sana'ar sun yi shekaru suna shafa wa nasu hodar kwalliya da soso kafin su fita fage. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, wanda yake ɗinka irin waɗannan takalma tun 1929, ya haɗa kai da ƙungiyar Ballet Black ya fitar da masu launin ƙasa-ƙasa. Cikin matan Afirka ta Yamma da suka yi suna a wannan fage akwai Michaela DePrince, marainiyar yaƙin Saliyo, wadda ta ba da labarin cewa tana ƙarama a gidan marayu iska ta kaɗo mata bangon wata mujalla mai hoton mace a tsaye kan tsini, ta ɓoye shi a jikinta. Ta girma ta yi rawa a babbar ƙungiyar bale ta ƙasar Holan, ta rasu a 2024 tana da shekara 29.

Na san wani mai karatu zai ce, ina ruwan Biri da gada? Mene ne namu da rawar matan da ba su rufe ƙwauri ba? Ni ma ba kira nake yi a buɗe makarantar bale a Yalwa ba. Amma raɗa wa abu suna daban, yin sa daban. Muna da sunan alade. Yaranmu suna ganin duniya a tafin hannunsu, kuma duk abin da suka tambaya da Hausa aka kasa ba su amsa da Hausa, sun ƙara koyon cewa harshen nan na cefane ne da gaisuwa, in magana ta yi nisa sai a nemi wani. Magabatanmu a gidajen rediyo da jarida ba su yarda da haka ba. Su ne suka ba mu tauraron ɗan'adam da ƙwallon kwando da jirgi mai saukar ungulu, ba su tsaya jiran sai an ƙera su a Kano ba.

Saboda haka na kai maganar ɗakin shan shayin malamai. Wani abokin aikina ya ce a kira ta rawar sanɗa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: mai sanɗa a kan yatsu yake tafiya, ba ya son a ji motsinsa, 'yar bale ma ai bubbuga takalminta take yi don ya yi shiru. Na ce masa sanɗa tana da niyya a cikinta. Kyanwa tana sanɗa, maharbi yana sanɗa, ɓarawo yana sanɗa, yaron da ya dawo gida bayan an rufe ƙofa yana sanɗa, kuma dukansu so suke kada a gan su. Wadda ta hau dandamali aka haska mata fitila, mutum dubu suka biya kuɗi don su kalle ta, ba a ce tana sanɗa ba. Wani kuma ya ce a ari kalmar kawai a ce "fuwanti", tun da mun ari fanca ba mu mutu ba. Ban ƙi aro ba, amma fanca ta shigo ne tare da taya, kowa ya ga ramin ya san abin da ake nufi. Fuwanti kuwa ba za ta gaya wa kowa komai ba, sai an sake fassara ta.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "ɗagen tsini". Ɗage daga ɗaga yake, kuma mai ɗage kullum akwai abin da yake so ya kai gare shi wanda tsawonsa bai ba shi ba, ko ƙwaryar da ke kan ragaya ko fuskar Sarki. Wannan ya dace da aljanar Taglioni da saurayin da yake bin ta. Tsini kuma ya riƙe asalin kalmar Faransawa, ya raba wannan tsayuwa da ɗagen da kowa ya iya. Rabin nasu shi ne cikakken namu, sai mu bar shi da sunansa na gado, mu ƙara wa na biyun kalma ɗaya. Roƙona kawai ga masu rubutu a waya shi ne su riƙa sa wa harafin farko lanƙwasarsa, domin in ta faɗi sai kalmar ta koma "dage", ko da yake wadda ta yi sa'o'i shida a kullum tana abu ɗaya ba za ta ce an yi mata ƙarya ba.

Sa'ad da na kai wa 'yar ƙanwata amsar, kwana biyun sun riga sun zama watanni. Ta saurara da ladabi, ta maimaita kalmar sau biyu, ta ce ta yi daɗi. Sa'an nan ta gaya mini cewa ita da ƙawayenta na makarantar Islamiyya sun daɗe da sa wa abin suna: rawar zalɓe suke ce masa, saboda tsayuwar tsuntsun nan a bakin ruwa a kan siririyar ƙafa ɗaya. Na tambaye ta ko ta san cewa wasan bale da ya fi kowane suna a duniya, wanda aka fara nunawa a Mosko a 1877, labarin wasu 'yan mata ne da aka mai da su tsuntsayen ruwa a bakin tafki. Ta ce ba ta sani ba, su dai ƙafar suka duba.